Igiyar da Kawu Iliyasu Ke Ɗaurewa a Bakin Lungu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Kawu Iliyasu makwancinsa a nan Garwa. Na zauna rubuta wannan waiwaye ina tsammanin hawaye, sai na tarar babu. Abin da nake ji ya fi kama da ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: ana taɓa ta, ba ta sani ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana akawu a siton wani kamfanin Turawan Ingila a Yola, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da gishiri su koma da gyaɗa. Da ya dawo ya zauna a unguwar Rumde Ajiya, dukiyar da ya zo da ita ba ta kai kalmomin da ya zo da su ba. Wasu kowane Bahaushe ya san su: fuloti, safiyo, lauya, sammaci. Wasu kuwa shi kaɗai ke riƙe da su, a garin da hukuma ke magana da Faransanci, kasuwa da Fillanci. Haya mai dogon wa'adi, lis yake ce mata. Mallaka ta har abada, firihol. Shiga wurin mutum ba izini, tiresfas. Yakan furta su a hankali, kamar mai fito da kayan sallah daga akwati.

Akwai lungu da ya ratsa fulotinsa, ya haɗa gidajen baya da titin kasuwa. Ta nan mata ke ɗebo ruwa, ta nan ake fito da gawa. Shekara duka a buɗe yake, in ban da ranar farko ta sabuwar shekarar Musulunci. A ranar, Kawu kan ɗaura igiya a bakin lungun, ya sa kujera ya zauna. Ko limami ne sai ya zagaya. Da an sallame la'asar ya kwance, ya ce da ƙarfi, "Na ba ku hanya, shekara guda." Maƙwabta na dariya suna masa useko, wato godiya da Fillanci, tsofaffi na miƙa masa goro.

Dalilinsa shi ne, a dokar Ingilishi hanyar da aka daɗe ana bi ba tare da an hana ba takan zama haƙƙin masu bi, shi ya sa kamfaninsu ke rufe ƙofarsa yini guda a shekara. Ni da na yi karatun doka da Faransanci, na kuma ƙare aikina ina magatakardan kotu, na bayyana masa cewa a nan tafiya ba ta haifar da haƙƙi, ko an shekara ɗari ana yin ta. Takardar mallaka, wadda muke kira titir, ita ce magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, abin da ya zama dole ya daina zama kyauta. Ni so nake in riƙa bayarwa."

Bayan rasuwarsa ba a sake ɗaura igiya ba, mutane suka ci gaba da wucewa. Bara ɗansa Bashiru, taubashina, ya kawo mai awon fili, aka kafa duwatsun iyaka, titir ya fito. Ya toshe lungun da bulo, ya fitar da shaguna biyu ya ba da haya. Yanzu mutanen baya sai sun zagaya ta hanyar bakin kwata, wadda da damina ba ta biyuwa. Na ga an bi ta can da makara, masu ɗauka sun naɗe wando har gwiwa.

Na je na sami Bashiru. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Taubashi, kai da ka tsufa a kotu, nuna mini layin da na karya." Babu layin da zan nuna masa. Ya ƙara da cewa, "Ai Baba da kansa yake shaida wa unguwa duk shekara cewa lungun namu ne." Wannan ma gaskiya ne. Igiyar da aka ɗaura don a sami abin bayarwa, ita ta zama hujjar hanawa. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, kuma babu kotun da ke sauraron irin wannan ƙara.

Da Kawu zai leƙo yau, ban san da wace kalma zai kira abin da ya gani ba. Ba tiresfas ba ne, mai wuri ne a wurinsa. Ina zaton zai laluba cikin kalmominsa duka ya rasa, ya nemi kujera ya zauna.

Kalmomin sun tafi tare da shi. Jikokinsa ba su san lis ba, balle firihol. Abin da ya saura na same shi makon jiya a bakin bangon. Dada Asta, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidajen baya, tana tsaye da sandarta da ƙullin cefane, tana hutawa kafin ta kama zagaye. Na gaishe ta. Ta daki bulon da sanda, ta ce, "Kai ɗan ƙanwar Iliyasu, je ka gaya wa mai igiya la'asar ta wuce."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya buɗe masa hanya kamar yadda ya riƙa buɗe wa mutane. Saƙon Dada kuwa yana hannuna har yanzu, ban san wanda zan kai wa ba.