Kwanukan Maƙwabta

Ranar da likita a Birnin Kudu ya auna Inna, ya ce jininta ya hau sosai, a janye mata gishiri. Ni ce babbar 'yarta, don haka ni ya tsare da ido, kamar ni na zuba mata.

Na mayar da ita gida Fagam, na ja kunnen ƙanwata da ke yi mata girki. Bayan mako biyu na koma. Gishiri kam an daina, amma dunƙule huɗu ake murzawa a 'yar tukunyar mutum ɗaya.

"Ai likita gishiri ya ce," in ji ƙanwata.

An gudu ba a tsira ba. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, cewa dunƙulen nan cike yake da gishiri. Muka koma daddawa da citta da tafarnuwa. Inna ta ɗanɗana miyar kukar, ta ture kwanon, ta ce ko akuya ba za a yi wa wannan horon ba.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne kwanukan maƙwabta. Inna ce ta karɓi haihuwar yawancin yaran unguwar, saboda haka duk gidan da aka sauke tukunya sai an aiko mata da kwano, kuma mayar da shi da abinci a ciki cin fuska ne. Na bi gida-gida ina roƙon a daina sa mata gishiri da dunƙule. Kowacce ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya." Washegari ga kwano, miya ta sha dunƙule har da ƙari, tunda na Inna ne. Na gaji, wallahi. Na gaji da hanyar Gwaram da ke kai ni Fagam, na gaji da zama muguwar gida.

Wata rana haushi ya ɗebe ni, na fizge kwano daga gabanta. Ta dube ni, ba ta ko ɗaga murya ba.

"'Yar nan, ke sau biyu a wata nake ganinki. Su kullum suna tunawa da ni. In mayar musu?"

Na ajiye mata.

A daminar bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yanzu na tare a Fagam, ni nake ba ta kunu da cokali. Kwanukan har yau suna zuwa. Magana ba ta fita sosai, amma da hannun hagu takan nuna in buɗe kowanne in kai mata kusa da hanci. Tana shinshinawa take gane gidan da ya aiko, ta gyaɗa kai. Sai in rufe.