Malama Shiru da Koren Littafi

A laburaren makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota akwai wani koren littafi da shafukansa na ƙarshe suka kumbura suka tattare, kamar ruwan sama ya taɓa dukansu. Hawaye ne. Matar da ke kula da ɗakin ta san na waye da waye, amma ba za ka ji a bakinta ba.

Ɗalibai suna kiranta Malama Shiru, don kalmar da suka fi ji daga gare ta ke nan. Kullum takan riga mai shara isowa. Ta buɗe tagogi, ta liƙe littafin da ya yage da gam, sannan ta ja wata tsohuwar kujera zuwa bayan kantar ƙarshe, ta juya ta tana fuskantar taga. Kujerar masu karanta labaran rashi ce. A nan kaɗai dokarta ta shiru ba ta aiki.

Manya ba sa ƙaunar irin waɗannan littattafan matasa. Malamin lissafi ya taɓa ce mata, "Haba Malama, yara su shigo da dariyarsu ki sallame su da majina?"

Ta ce, "Kai ma darasinka kuka yake sa su, wa ya kai ƙararka?"

Tana da ƙa'ida ɗaya: littafin rashi ba ya komawa kan kantar littattafai. Wanda ya gama, shi zai miƙa wa na gaba hannu da hannu, ita ce kuma mai zaɓen na gaban. Da haka marayu suka riƙa gano juna ba tare da an tara su an nuna su da yatsa ba.

Ta wannan hanya koren littafin ya isa hannun wata 'yar aji uku, 'yar wani direban babbar mota. Tun da mahaifiyarta ta rasu ba ta yi kuka ba, ba ta ambace ta ba. Mutane har yabonta suke, wai ta iya haƙuri, alhali magana ta ɗauke mata, abinci ma sai an matsa. Littafin kuwa labarin wata yarinya ne da ta hana a ɗauke takalman uwarta daga bakin ƙofa.

Washegari sai ga uban da littafin a hannu, rai a ɓace. Mai shara na wurin, ita ta ba da labari.

"Ke kika ba 'yata wannan? Tun jiya kuka take. Da ƙyar na samu ta manta, kin zo kin tono."

"Mantawa ta yi, ko shiru ta yi?"

"Malama, ba musu ya kawo ni ba. A cire shi, ko in ga shugaban makaranta."

"Ofishinsa na hannun dama. Amma kafin ka je, da take kukan, me ta ce?"

Ya daɗe yana juya makullin mota a tafin hannu. "Wai ina na kai takalman mamarta."

"Ka faɗa mata?"

"Suna motata," in ji shi. "Ƙarƙashin kujera."

Bai je ofishin ba. Ya ajiye littafin a kan tebur ya tafi, Malama kuma ta mayar wa 'yarsa. A hankali magana ta dawo wa yarinyar, har ita ta miƙa littafin ga wata 'yar aji ɗaya da ta rasa yayanta.

Malama, ke ce mai hana surutu, mai ba kuka wurin zama. Ba ki taɓa tsare yaro da tambayar darasin da ya koya ba. Kin bar shi ya gama, kin miƙa masa ruwa. Yau da kika ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da muke da yara a gida ko a aji, in mun ga ɗaya yana kuka a kan littafi, kada mu fizge. Mu ja masa kujera.

A taron sallamar Malama Shiru, ana tsakiyar jawaban ban-kwana, 'yar aji ɗayan nan ta matso da koren littafin, ta raɗa mata, "Na gama, Malama. Wa zan ba?"

Malama Shiru ta nuna bakin ƙofa da haɓa. Direban ne tsaye a can da kayan aikinsa, bai yarda ya shigo ba. Yarinyar ta je ta miƙa masa da hannu biyu. Ya dubi littafin, ya dubi Malama, ya saƙale shi a hammata, ya juya ya fita.