Tafinta Tsakanin Inna da Likita

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ma kuma zama mu yi doguwar hira. Wannan kunya ba ta taɓa damuna ba sai shekarar da na gama jami'a ina zaman jiran aiki.

Atamfa Inna take sayarwa a kasuwar Adjamé. Banɗakin kasuwa yana da nisa da rumfarta, ga layi, ga ƙazanta, ga ba mai tsare mata kaya. Sai ta saba riƙe alwalar da ta yi a gida har la'asar. Ruwa kuwa sai ɗan kurɓi, don kada fitsari ya matsa mata. Ina jin yawancin matan layinsu haka suke yi.

Ba daga bakinta na ji ciwon ba. Hajiya mai goro, maƙwabciyar rumfarta, ita ta tare ni.

"Ke 'yar boko! Uwarki tana tsugunno tana cizon mayafi, ke kina nan da su wataƙila wataƙila. Ciwon sanyi ne. Na saya mata kafso wajen masu talla, ya lafa ya dawo."

Na yi ta juya yadda zan fara maganar, ban samu ba, har zazzaɓi ya kwantar da Inna, tana rawar ɗari tana dafe kwiɓi. Na ɗauki tasi na kai ta wani ƙaramin asibiti a unguwar Treichville.

Likitar mace ce, Faransanci kawai take yi. Inna kuwa daga Hausa sai ɗan yaren Dioula na ciniki. Dole na zama tafinta.

Inna ta juya fuska ga bango ta ce, "A ce mata zazzaɓin sauro ne."

Ni ba likita ba ce, amma na san in na faɗi haka za a iya ba mu maganin sauro mu koma gida da ciwon.

"Inna, ki gafarce ni, likita ce ke tambaya, ba ni ba. Wai akwai zafi wajen fitsari? Akwai jini?"

Likitar ta ajiye biro tana jira. Can Inna ta ɗago, ta tsallake ni da ido kamar ba na ɗakin, ta dubi likitar ta ce da Hausa, "Likita, akwai. Tun kafin azumi."

Gwaji ya nuna ciwon ya haura daga mafitsara zuwa ƙoda. Aka kwantar da ita, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai. Ranar sallama likitar ta ce ta shanye maganin duka, ta riƙa shan ruwa sosai, ta daina riƙe fitsari. Na fassara kaina a ƙasa.

Inna ta ce, "A tambaye ta wa zai tsare mini rumfa."

Ni na tsare. Kullum da rana nakan zo da gorar ruwa in zauna cikin atamfofi. Inna takan gyara mayafi ta ce za ta gaida Hajiya, alhali Hajiya tana nan kusa da mu tana yayyafa wa goro ruwa. Duk mun san banɗaki za ta.

Da na sami aiki a wani ofis sai zuwan ya gagara. Inna ta ce wa ƙanwata a gaya mini tana shan ruwa, tana kuma zagayawa. Mai yiwuwa gaskiya ne. Da yamma in ta dawo nakan saci kallon yadda take zama a tabarma, ko za ta kai hannu kwiɓi.