Gara a Bayan Zanen Ɗan Goggo

Goggona tela ce, kuma ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. Tsawa ta yi ƙara, tana ƙarƙashin bargo. A ce za a yi mata allura a asibiti, sai an riƙe ta, ita da ta tsufa da allura a hannu. Mukan tsokane ta, takan ce mu ji da kanmu.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, mai zane, kuma ya rasu da ƙuruciyarsa. Abin da ya bar mata zane-zanensa ne, sun cika bangon ɗakin da take ɗinki, daga saman keken ɗinki har bakin taga.

Babban tsoron ya shige ta ranar da maƙwabcinta ya rasu. Tana kallo ta taga magada suka watso kayansa waje, masu sayen tarkace suna tattaka hotunansa. Tun daga nan abinci ya daina shigarta. Ta ce ta san mu sarai, ranar da ta rufe ido haka za mu yi wa ɗanta. Raina ya ɓaci, amma wallahi ban iya rantse mata ba.

Ni na raka ta wurin lauya ta yi wasiyya: bayan ranta, a miƙa zane-zanen ɗanta ga gidan adana zane-zane. Sai kuma wani tsoron ya taso, kada su zo su ce aikin yaron bai kai ba. Ranar da ma'aikaciyar gidan ta zo dubawa, Goggo ko zare ta kasa zurawa a allura.

Matar ta daɗe tana kallo, ta ce suna so. Sannan ta ciro ɗaya ta juya bayansa, ƙasa ta zubo. Gara ta ci katakon, ta fara taɓa ƙyallen.

"Mama," in ji ta, "in aka jira wasiyya, ba abin da za mu tarar."

Goggo ta zauna daɓas. In ta riƙe zane-zanen gara ta cinye su, in ta bayar ta ƙarasa kwanakinta da bango tsirara. Ta yi kuka, ta zage ni ba laifin komai, daga baya ta ce a zo a ɗauka kafin ta sake shawara.

Da aka rataye su a gidan adanawar na kai ta. Tun a mota take tambaya ko rufin gidan yana yoyo, ko wuta na iya tashi. Muna shiga ta hango zanen da ya yi mata tana kan keke, ta nufe shi da sauri, ta miƙa hannu.

Mai gadi ya ce, "Yi haƙuri Mama, ba a taɓawa."

Ta janye hannun, ta dube shi. "Kowa da kowa?"

Ya ce kowa da kowa.

"To, madalla," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Don Allah ko ni na sake mantawa, ka hana ni."