Randar Gindin Aduwa

Furfura ta ci rabin kaina yanzu, abubuwa da yawa sun zube mini, amma Lahadin da na iske randar gindin aduwa a bushe ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin an turo ni Gure koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, iyalina kuwa na bar su a Damagaram saboda karatun yara. Ɗaki ɗaya na kama, daga ni sai tabarma da rediyo. Kuma in faɗi gaskiya a kaina, ni ba mai shiga mutane ba ne. Abokan aikina suna zaman shayi da karta kowace Lahadi, sun kira ni sau biyu, sau uku, na ce kaina na ciwo, suka gaji suka ƙyale ni. Da suka ƙyale ni ɗin kuma sai na ji haushi, wai ba su damu da ni ba. Ka ji halin mutum. Kewa ta yi mini yawa, har nakan kunna rediyo ba don in saurara ba, sai don in ji murya a ɗakin.

Shi ya sa na sayi keke na hannu, na fara fita wajen gari duk Lahadi. Gudron, wato titin kwalta, ban so shi ba, manyan motoci suna tura mutum cikin rairayi. Sai wani mai gyaran keke ya kwatanta mini tsohuwar hanyar ayarin kanwa da ta bi ta gindin duwatsu wajen Bune, wadda aka daina bi tun da aka yi gudron. Hanyar ta dace da ni. Ba mota, ba babur, ba mai cewa "Mushe, ina zuwa?" yadda ake kiranmu malaman lakwal. In ka hau fako keken ya yi ta gudu, in ka faɗa rairayi ka sauka ka tura, ka hau tudu kana haki, ka gangara iska na dukan fuskarka. Daga saman tudu kana hango kwaruruka da dabino da goruba can ƙasa. Nakan yi wuni ban furta kalma ba, in dawo in ce na huta.

A tsakiyar hanyar nan, kafin a shiga wani matsattsen mashigi tsakanin duwatsu biyu, akwai aduwa guda. A gindinta an binne randa har wuya, an rufe da faifai an ɗora dutse, ga moɗar duma a ɗaure da igiya. Irin randar sadaka ce da ake ajiye wa matafiya. Duk Lahadin da na zo a cike take, ruwan da sanyi har haƙori. Wani lokaci nakan iske dabino uku ko huɗu a kan faifan, in ce wani matafiyi ya manta, in cinye abina. Wata bakwai ina sha, ban taɓa tambayar kaina wa ke cika ta ba. Sabo turken wawa, har na daina ɗaukar bidon ruwa na biyu, tunda na san ruwa na jirana.

Ran nan bazara ta tsananta, rana kamar ta sauko ƙasa. Na iso aduwar maƙogwarona a bushe, na ɗaga faifai, na zura moɗa, sai na ji ta daki gindin randa. Ko danshi babu, zafin bazara ya tsotse ɗan abin da na bari. Maimakon in yi tunani sai raina ya ɓaci. Na tsaya ina faɗa ni kaɗai a daji, wai wane irin sakaci ne wannan, mutum ya ajiye randa ya bar ta ba ruwa. Kai ka ce albashi nake biyan mai cika ta. Na jefar da moɗar, na kurɓi ɗan abin da ya rage a bidona, na hau keke da niyyar in ƙarasa zagayena in koma gida.

Da na shiga mashigin, inda iska ba ta kai wa, sai na ga sawun tayata na Lahadin da ta wuce kwance a ƙasa, kamar yanzu na bi. Ba ƙafar mutum a kansa, ba kofaton jaki, ba sawun raƙumi. Kwana bakwai cur ba wanda ya bi hanyar nan sai ni. Na taka birki na sa ƙafa ƙasa. To, in ba mai bi sai ni, wa ake cika wa randar? Kuma mutumin da bai taɓa fashi ba wata bakwai, me ya hana shi yau? Ruwa ba ya tsami banza. Nan take na juya.

A bayan aduwar na ga wata 'yar siririyar hanya da ban taɓa lura da ita ba, ta zagaya bayan dutse. Na bi ta ina tura keke. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba na gangara wani ɗan kwari mai dabino kamar goma, da rijiya, da bukka guda. Awaki sun kewaye kwamin rijiyar suna kuka, guga na yashe a ƙasa. Na yi sallama sau biyu. A ta uku na ji murya can ƙasa-ƙasa daga bukkar.

Tsoho ne, kwance a bakin ƙofa, leɓunansa sun tsattsage, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Ya ɗaga ido da ƙyar, ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe. Mai keke ne? Ashe yau Lahadi."

Na ruga rijiya na jawo ruwa, na tallafo kansa ina ba shi kaɗan-kaɗan. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya gaya mini santsi ya kwashe shi a bakin rijiya tun Alhamis, ya jawo jiki zuwa inuwa, ruwan butarsa ya ƙare jiya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna ci-rani, 'yarsa da ke aure a wani ƙauye sai Juma'a mai zuwa za ta leƙo shi. Kowa ya gan shi ya san ba zai kai Juma'ar ba. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ka yafe mini, ɗana. Ka iske randa ba ruwa."

Ni da na gama zaginsa a gindin aduwa. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Na ce, "Baba, dama saboda ni kake cika ta?"

Ya ce, "Ta ubana ce, tun zamanin ayari. Da hanya ta mutu na bari. Sai ran nan na ga sawun keke, na ce to, Allah ya kawo mai sha. Ina kan dutse ina ganinka duk Lahadi."

"Me ya hana ka yi mini magana, Baba?"

"Na ga kamar mutane ka gudo wa. Ban so in takura maka ba." Ya ƙara da cewa, "Dabinon dai ka kan ci, na gani."

Na zuba wa awakin ruwa, na cika masa buta da ƙwarya na ajiye kusa da hannunsa. Na hau dutsen ina ɗaga waya sama, ba rezo ko ɗigo. Sai ya kwatanta mini ƙauyen 'yarsa, na hau keke. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Tudun da nakan sauka in tura, a tsaye na haye shi, ƙirjina kamar zai fashe, ina ta roƙon Allah kada in dawo in iske gawa. Da la'asar muka iso da amalanken shanu, da 'yar da mijinta, muka iske shi da rai, muka kai shi gidan likita a Gure.

Kwana ashirin ya yi a can. Kullum in na tashi daga lakwal nakan je in zauna bakin gadonsa, ya yi ta ba ni labarin ayari da raƙuma ɗari-ɗari. A duk zamana na Gure ban taɓa yin hira mai tsawo da kowa kamar shi ba. Ƙafar ba ta koma daidai ba, 'yarsa ta tafi da shi ƙauyensu, bai sake ganin kwarinsa ba. Damina na sauka ya rasu. Na yi kuka sosai, kuma na daɗe ina jin ciwon wata bakwai ɗin nan da muka yi, shi a kan dutse shi kaɗai, ni a gindin aduwa ni kaɗai, tsakaninmu bai fi jifa ba, sallama guda ta gagare ni.

Daga nan har aka ɗauke ni daga Gure, duk Lahadi nakan ɗaura bido biyu a bayan keke in je in cika randar. Sau da yawa yadda na bar ta haka nake iske ta. Sau ɗaya tak na ga ruwan ya ragu, ga sawun takalmi ya nufi mashigi. Mai sawun bai san ni ba, bai kuma nemi sani ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar na dawo gari, na jingina keke, na nufi wurin masu shayi na ce su matsa mini.

Abin da na koya shi ne, da wuya mutum ya zama shi kaɗai kamar yadda yake zato, akwai mai lura da shi bai sani ba. In ka iske ruwa a hanya ka sha, kada ka mayar da faifai ka wuce. Ka nemi mai randar ka gaishe shi tun yana iya amsawa.