Anti Manaja da Tanderun Baba Mai Wuta

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu, Anti Manaja ta riga ta iso gidan burodin da ke bayan tashar mota. Takan rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya: "Ya jikin mai ɗakinka?" "Jaririn nan ya fara zama kuwa?" Sai ta gama da mutane sannan ta waiwayi buhunan fulawa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji. To, gara a faɗi alherinta tana ji da kunnenta, ba sai bayan ranta ba.

Shekarar da mai gidan burodin ya rasu, ɗansa ya karɓi ragama, ya ce za a bar tanderun itace a kawo na gas. Yaron yana da gaskiya: itace ya yi tsada, hayaƙi ya ishi maƙwabta. Anti ma ta yarda. Sai dai akwai Baba Mai Wuta, tsohon da ke hura tanderun tun ƙaramin maigida yana rarrafe, ga iyali a wuyansa, ga shi bai san wata sana'a ba. Kowa ya san in ƙarfen nan ya shigo, Baba ne zai fita.

Anti ba ta tara mutane ta yi musu jawabi ba. Alli ta samo, ta durƙusa ta zana faɗin sabon tanderun a kan siminti, daidai inda za a girke shi.

"Daga yau kowa ya riƙa kewaye wannan," in ji ta. "Ku saba da shi tun bai zo ba."

Aka yi ta dariya. Dogo mai kwaɓi in ya zo wucewa da tire sai ya rusuna wa zanen: "Ranka ya daɗe, a ba ni hanya." A haka aka gane teburin kwaɓi zai tare ƙofa, aka matsar da shi tun da wuri.

Baba kuwa kujerarsa ya ɗauko ya dasa a tsakiyar zanen, ya harɗe ƙafa. Anti ba ta ce ya tashi ba. Ta jawo bokiti ta kife, ta zauna kusa da shi.

"Baba, cikin tanderu ka zauna fa. Za ka gasu."

"In gasu mana. Tsohon itace ai saurin kamawa gare shi." Can ya ce, "'Yar nan, kin zana wa ƙarfe wurinsa. Ni ina nawa?"

Waɗanda ke wurin sun ce idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa masa allin.

"Laifina ne, Baba. Zana da kanka."

Ya zana wata karkatacciyar da'ira daidai inda ƙofar sabon tanderun za ta kasance.

Ke ce, Anti, kika ɗauke shi a mota zuwa wani gidan burodi a ƙetaren gari, ya ga irinsa yana aiki, ya taɓa da hannunsa. Ke ce kika fara koyon maɓallan, sannan kika ɗiga musu fenti, ja da kore, don idon Baba ba ya ganin ƙananan lambobi. Ke ce kika dage a bar tsohon tanderu yana ci gefe guda har hannu ya faɗa, don kada masu saye su wayi gari ba burodi. Inuwar da ba ta korar kowa!

Da aka girke sabon tanderun, gashin Baba na farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu ciki ɗanye. Ƙaramin maigida ya shigo ransa a ɓace.

"Anti, asarar nan ta isa. Akwai wani matashi da ya iya, gobe sai ya fara."

Ta kai shi ɗakin ajiya, ta nuna masa buhun da ta ware tun ranar da suka tsara aikin.

"Ka manta wannan? Buhun koyo ne, da yardarka na ware shi don ya ƙone. Ɗana, in ya ƙare Baba bai iya ba, ni da kaina zan gaya masa."

Yaron ya sosa ƙeya, ya ce, "Shi ke nan, Anti."

Buhun bai kai ga ƙarewa ba. Wata safiya burodi ya fito jawur, laushi kamar auduga, Dogo ya yi ta ihu har masu wucewa suna leƙe. Bayan 'yan kwanaki Anti ta iso ta tarar ba hayaƙi. Baba da kansa ya bar tsohuwar wutar ta mutu, ba wanda ya sa shi. Yana tsaye ya dafa bangon tanderun da ya huce, hawaye na bin gemunsa. Shebur ta ɗauko, suka kwashe tokar tare.

Mun gode, Anti. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe na wasu. Ku kuma masu ƙananan sana'o'i, in za ku sauya tsari ku sauya, zamani ba ya jiran kowa, amma ku lissafa da mutanenku yadda kuke lissafawa da injin. Gobe in kun gutsuri burodin bayan tasha kuka ji daɗinsa, ku sani Baba ne ya gasa. Yana nan bakin aikinsa.