Daminar da Muka Ƙona wa Baba Josam

Ban taɓa mantawa da ranar da na zauna a falon gidan hayarmu na unguwar Al Nahda a Dubai, waya a hannuna, ina kallon ana cinna wa gonar wani dattijo wuta bisa takardar da ni na sa wa hannu ba. Cikin azumin shekarar 2020 ne, da hantsi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya sa nake jan ƙafa duk lokacin da aka kawo maganar gwada sabon iri a gonakin ƙananan manoma. To, ga dalilin.

Na zo Dubai a 2016, bayan na yi shekara shida ina aikin malamin gona a Jigawa. Kamfanin da ya ɗauke ni, wanda ba wannan da muke ciki yanzu ba ne, yana sayen riɗi da citta da zoɓorodo daga Afirka yana turawa Asiya. Ofishinmu yana saman sito a Al Warsan. Da farko aikina duba ingancin kaya ne idan kwantena ta iso. Bayan shekara biyu aka ƙara mini girma zuwa jami'in sababbin ayyukan noma, a ƙarƙashin shugaban sashenmu, wani Balarabe da muke kira Abu Rashid. Mutum ne mai fara'a da kyauta, sai dai bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma kullum cikin sauri yake.

A farkon 2019 ya kira ni ya ce kamfani zai shiga noman wiwin masana'antu. Na ɗauka wasa yake. Ga waɗanda ba su sani ba, wannan tsiro ɗan'uwan tabar wiwi ne, ganyensu iri ɗaya, amma sinadarin da ke bugarwa ɗan kaɗan ne a cikinsa, ba ya sa maye. Don ɓawon karansa ake noma shi, kamar yadda muke noma rama, a yi igiya da yadi da takarda. A nan Daular Larabawa ko ƙwayar irinsa ba a yarda ta shigo ba a lokacin, saboda haka ko ganye ɗaya bai taɓa shiga ofishinmu ba. A wata ƙasa ta kudancin Afirka, wadda ba zan faɗi sunanta ba, aka ba mu lasin gwaji.

Ƙa'idar lasin mai sauƙi ce a takarda. Kamfani ne zai ba manoma iri. Ba a yanka sai kamfani ya sanar da hukuma, jami'inta ya zo ya ɗauki samfuri daga gona ya kai ɗakin gwaji. Idan sinadarin bai wuce iyakar da doka ta yanke ba, a yanka. Idan ya wuce, amfanin ya zama tabar wiwi a idon doka, sai a ƙona shi gaba ɗaya.

Irin da muka saya daga Turai yake, an ƙirƙire shi don ƙasa mai sanyi da dogon yini. Na rubuta wa Abu Rashid rahoto cewa bai kamata a kai wa manoma ba sai mun shuka shi damina ɗaya a filin kamfani mun ga halinsa. Ranar Lahadi da safe, da yake a lokacin ita ce farkon makon aiki, ya kira ni ofishinsa, rahoton yana gabansa.

“Nasiru, habibi,” ya ce, “wannan ‘bai kamata ba’ naka zai kashe aikin. Masu kamfani manoma suke so su gani, ba fili ba. Gyara kalmar.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba mu san yadda irin zai yi a zafi ba.”

“Shi ya sa ake ce masa gwaji. Yalla, yi sauri ka gyara.”

Na koma teburina na goge “bai kamata ba”, na rubuta “ana iya farawa da taka-tsantsan”. Bai ɗauke ni minti biyu ba. Ban yi ƙarya ba, haka na gaya wa kaina. Na dai sassauta.

A watan Nuwamba na tafi can, domin a wannan yankin lokacin ne ake shuka. Jami'armu ta fili, Ruth, 'yar ƙasar ce, ta girme ni kuma ta fi ni sanin mutanenta. Ta tara mini manoma a inuwar wata bishiya, tana fassara. Sun saurara, babu wanda ya ɗaga hannu. Kowa yana duban wani dattijo mai furfura da ke zaune a gaba, hularsa a kan gwiwa. Shi ne Baba Josam, dattijon cocin ƙauyen. Ruth ta raɗa mini cewa in ya yarda kowa zai yarda.

Ya tambaye ni abu biyu. Na farko, ko wannan ba shi ne abin da yara ke sha su haukace ba. Na rantse masa ba shi ba ne, na ce ni Musulmi ne, addinina ya hana ni abin maye kamar yadda nasa ya hana shi. Na biyu ya ce, “Kai ɗan manomi ne?” Na ce e, na nuna masa tafin hannuna, duk da kantar ta daɗe da gogewa. Ya kama hannun ya jujjuya, ya yi dariya, ya ce zai gwada.

Yarjejeniyar kamfani ta ce kowane manomi ya ware eka guda. Gonar Baba Josam gaba ɗaya eka ɗaya da rabi ce, masara yake shukawa, ita iyalinsa ke ci har shekara ta zagayo. Na san wannan. Na ga rumbunsa da idona. Manoma ashirin da uku suka bi bayansa, na dawo Dubai, Abu Rashid ya kai ni cin abinci a Al Karama don murna.

Watannin farko hotunan da Ruth ke turowa sun yi kyau. A tsakiyar Fabrairu ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Sai Ruth ta kira ni ta ce shukar ta daina tsawo, ko kafaɗarta ba ta kai ba, kuma ta fara fure tun lokaci bai yi ba. Duk wanda ya san tsiron ya san a fure sinadarin yake taruwa, kuma zafi da ƙishi suna ƙara shi.

“Nasiru, mu kira hukuma yanzu mu yanka,” ta ce. “Karan gajere ne, amma za mu tsira da shi.”

Na kai wa Abu Rashid maganar. Ya ce gajeren kara ba zai burge masu saye ba, kuma tunda fure ya fito, a bari ya yi 'ya'ya mu samu irin baɗi kyauta. Mako uku kawai, in ji shi. Na ce akwai haɗari. Ya ce, “Ka rubuta mini cewa tabbas zai wuce iyaka, sai in yarda.” Babu malamin gona da zai rubuta tabbas a kan abin da bai auna ba. Na kira Ruth na ce a jira. Ta ce, “To, kai ne babba.”

Kafin mako ukun su cika, annobar korona ta rufe duniya. Jirage suka tsaya, aka kulle mu a gida, tikitin da na yanka na zuwa can ya tashi a banza. Can ma an hana jami'an hukuma tafiye-tafiye. Da muka ce a shirye muke, babu mai zuwa ɗaukar samfuri, kuma doka ta hana a taɓa shukar sai ya zo. Haka ta tsaya a rana tana nuna. Sai ƙarshen Afrilu jami'in ya isa. Bayan kwana goma sakamako ya shigo wayata: gonaki goma sha tara cikin ashirin da huɗu sun wuce iyaka. Ta Baba Josam tana ciki.

Ruth ta kawo shawara mu roƙi hukuma a ƙona ganye da fure kawai a bar mana kara, tunda babu abin maye a kara. Na rubuta takardar roƙon a ranar. Abu Rashid ya ƙi sa hannu.

“Ka san garin da muke zaune,” ya ce ta waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. “In wata jarida ta rubuta cewa kamfanin Dubai yana jayayya da hukuma a kan tabar wiwi, ba lasin can kaɗai za mu rasa ba. Bizarka a kan wannan kamfani take, tawa ma haka. Khalas, magana ta ƙare. Ka sa hannu a takardar amincewa da ƙonawar, kai ne jami'in aikin.”

Ba zan ce muku na yi jarumta ba. Ina da mata da 'ya'ya uku a Dutse, ana ta sallamar ma'aikata a ko'ina, babu ma jirgin komawa gida. Na sa hannu.

Ranar ƙunar Ruth ta kira ni ta bidiyo, ta ce tunda ni na kawo irin ya kamata in gani. Ishaya, ɗan Kafanchan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki wanda muke haya tare, ya zo ya zauna kusa da ni. 'Yan sanda ne suka zo da bindigogi, kamar yadda ake zuwa gonar masu laifi. Suka sa manoman su sare shukar da hannunsu, su tara, aka zuba fetur. Mutanen ƙauye sun yi cirko-cirko a bakin hanya, mata sun toshe wa yara hanci. Baba Josam yana tsaye gefe da addarsa. Da hayaƙin ya tashi sai ya cire hularsa ya riƙe, kamar ana wucewa da gawa.

Ishaya ya ce, “Malam, kashe wayar nan haka.”

Na ce, “Bari ya ƙare.”

“To me za su ci bana?”

Na ci gaba da kallon wayar. Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Da magariba ya dafa mini shinkafar buɗe-baki kamar yadda ya saba tun da azumi ya kama, na sha ruwa kawai na ture farantin.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na matsa wa kamfani har aka yarda a kai wa kowane gida buhunan masara da irin shukar baɗi. Saboda kulle sai watan Agusta suka isa, kuma ba su kai abin da eka guda ke bayarwa ba. Kafin nan Baba Josam ya sayar da awakinsa, yana zuwa ƙodago a gonakin waɗanda a da suke zuwa neman shawararsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cocinsu ya sauke shi daga muƙamin dattijo, domin duk ƙauyen sun ga 'yan sanda sun ƙona tabar wiwi a gonarsa. Na rubuta wa shugabannin cocin doguwar wasiƙa ina bayyana bambancin tsiron biyu. Ruth ta karanta musu. Suka ce sun gode, amma hayaƙin da suka shaƙa ba su ji bambanci ba.

Kamfani ya rufe aikin kafin ƙarshen shekara. Ni aka sa na rubuta rahoton rufewa, shafi huɗu, aka sanya shi a fayil ƙarƙashin darussan da aka koya. Ba a hukunta kowa ba. Abu Rashid bai taɓa tayar da maganar ba kuma, sai dai ranar da zan bar kamfanin a 2021 ya riƙe hannuna ya ce, “Ƙaddara ce, habibi.” Ban musa masa ba, amma na san ƙaddarar ta bi ta kan teburina sau uku.

Kafin in tafi na roƙi Ruth ta kai wa Baba Josam waya in ba shi haƙuri. Ta je har gidansa, ya ƙi karɓar wayar. Ba cikin fushi ba, in ji ta, yana gyaran ƙotar fartanya ne, bai ko ɗago ba. Ya ce ta gaya mini ya yafe, domin ya san aiko ni aka yi. Amma in zan sake kai wa mutane sabon iri, in fara shuka shi a gonar mahaifina.

Tsiron ba shi da laifi. Na ji wasu sun gwada da irin da ya dace da ƙasarsu sun ci riba, kuma ina musu fatan alheri. Abin da na koya game da sana'armu ne. Mu da ke zaune a ofis mai sanyi, in gwaji ya faɗi, shafi huɗu ne. Manomi kuwa damina ɗaya yake da ita a shekara, kuma da mutuncinsa yake shuka ta. Shi ya sa ba na sa hannu a kai iri gonar kowa sai ya yi damina a filinmu, ba na yarda a karɓi fiye da kwatan gonar mutum, kuma in jami'in fili ya ce a yanka, a ranar nake ɗaukar waya in kira hukuma. Ku ma wata rana babba zai tura muku rahotonku ya ce ku sassauta kalma ɗaya. Kafin ku taɓa ta, ku tambaya gonar wa za ta sauka.